Magini Ya Ƙi Sabon Akwati

"Lafiya lau, sai dai ciwon ido, shi ma yanzu ya same ni da na gan ka."

"Ai idon da ya saba da madubinki ba zai jure wa ganin kyakkyawa ba. Ya gajiya?"

"Ina ka san gajiya, kai da aikinka gadin firji? Buɗe ƙofar."

Ƙarfe biyu da rabi na rana ke nan, Auta tana tsaye a ƙarshen baranda, bakin ɗakin sanyi, ta rungume kwamfutarta a ƙirji. Ɗan Gwaggo kuwa kansa kawai ya leƙo, ya tokare ƙofar da ƙafa. Babanta da mamarsa uwa ɗaya uba ɗaya suke, don haka taubasai ne, kuma tun tana rarrafe ba su taɓa rabuwa lafiya ba. Sai ga shi Allah ya haɗa su a ma'aikata ɗaya. Ita tana sama cikin masu rubuta manhaja, shi yana ƙasa da wayoyi da sukurudireba, yana kula da na'urori.

A cikin ɗakin nan Magini yake. Kwamfuta ce baƙa mai tsayin yaro, ba ta da aiki sai karɓar abin da su Auta suka rubuta ta harhaɗa shi ya zama manhajar da za a sa a waya. Idan ta gama lafiya, sai allo ya nuna kore. Idan ta tuntsure, ja. Kuma kamar kowane magini, tana da akwatin kayan aiki, kowane akwati da lambarsa. Shekara da shekaru ofishin nan da akwati na sha ɗaya yake aiki. Aikin Auta ne na farko da ya ce shi sai na sha bakwai.

To, yau kwana biyu ke nan Magini yana watsa mata ja. Wata takwas ta yi tana wannan aiki, shi ne na farko da aka damƙa mata ita kaɗai, kuma ƙarfe huɗu masu shi za su zo gani. Manaja ya gaya mata da safe, ba ko murmushi, cewa idan huɗu ta yi babu abin nunawa, zai miƙa aikin ga wasu, ita kuma ta koma teburin amsa koke-koke inda ta fito.

"Na ce ka buɗe."

"Ba a shiga. Karanta takardar da ke ƙofa."

"Kai ka rubuta ta, har da kuskure biyu."

"Duk da haka doka ce. Me kike so?"

"Na aiko maka saƙo tun shekaranjiya ka saka akwati na sha bakwai."

"Na saka."

"Ka saka a ina? A aljihunka?"

"Wallahi na saka. Da hannun nan nawa mai albarka."

"Hannun da ya taɓa gyara wa Gwaggo rediyo ta koma kama tashar sauro?"

"Wannan rediyon dama ta tsufa. Kamar wasu."

"Ni? Kai da ka girme ni da shekara biyar, furfura ta fara yi maka sallama ta ƙeya?"

"Sanyin ɗakin nan ne. Ƙanƙara ce."

Auta ta juyo masa da allon kwamfutarta, ta dangwala yatsa a layin farko na rahoton da Magini yake fitarwa.

"Karanta nan, in makarantar da aka biya maka ba ta tafi a banza ba. Me ya ce?"

"Ya ce sha ɗaya."

"Na rubuta masa sha bakwai a cikin aikina. Na sake rubutawa a wani wurin. Na goge na kuma rubutawa. Sau tara ina tura masa, sau tara yana ɗauko tsohon akwati. A kwamfutata aikin yana tafiya sumul. Da ya shigo ɗakinka sai ya haukace. Kai ka gaya mini, wa zan zarga?"

"Ki zargi rubutunki. Tun kina aji uku malamai ke kuka da shi."

"Na'ura ba ta da taurin kai, ɗan mace. Sai in wani ya koya mata."

Ta faɗi haka ne tana kallon idonsa, sai ta ga abin da ta zo nema. Ya ɗan kau da kai, ya sosa bayan kunne. Auta ta san wannan susar. Ita ya yi ranar da aka tambayi wanda ya zuba mata gishiri a shayi, ita ya yi ranar da takalminta na makaranta ya kwana a kan rufin ɗaki. Da wasa ta zo, amma yanzu zargin ya zama na gaske.

"Ka sosa kunne."

"Kunnena ne."

"Wa ya saye ka?"

"Saye kuma?"

"Abokan aikina na tebur na biyu. Tun ranar da aka ba ni aikin nan suke kumbure-kumbure. Me suka yi maka alkawari? Sabuwar rigar sanyi? Don wannan da ke jikinka ko ɓera ya gan ta sai ya yi maka jaje."

"Haba Auta! In sayar da ke? Wa zai saya? Ai sai dai in haɗa da kyautar caja."

"To matsa in shiga."

"Sanyi zai kama ki, ki je ki ce wa Gwaggonki na kashe ki."

"In ba ka matsa ba yanzu zan kira ta, in gaya mata wanda ya fasa mata gilashin ido bara ya ce kyanwa ce."

Ƙafar ta janye daga ƙofa.

Ɗakin ƙarami ne, babu taga, sai gurnanin fankoki da ƙananan fitilu suna ƙyaftawa. Kujera ɗaya ce, da tebur ɗaya, da kofin shayin da ya daɗe da mutuwa. A gefe ga wayoyi an naɗe su tsaf, kowace da 'yar takarda a wuya, don duk iskancin Ɗan Gwaggo ba ya wasa da tsabtar aikinsa. Auta ta zauna a kujerar ba tare da an ce mata bismilla ba.

"Shigar da ni."

"Kalmar sirri ce. Sirri. Kin san ma'anarsa? Abin da bakinki bai taɓa riƙewa ba."

"Rufe mini ido zan yi, ka buga."

"Kina leƙe ta tsakanin yatsu. Haka kike yi tun muna ɓuya."

"Kai kuma kana ɓuya a wuri ɗaya kullum, bayan randa, ƙafafunka a waje. Buga mana, lokaci yana tafiya!"

Ya buga yana kare allon da kafaɗa. Da farko ya nuna mata inda akwatunan suke, har da ɗaga hanci. Ga na sha ɗaya, ga na sha bakwai a gefensa, sabo fil, da kwanan watan shekaranjiya.

"Kin gani? Ki ba ni haƙuri. A tsaye nake so, da ɗan rusunawa."

"Ka saka, na yarda. To me ya hana shi ɗauka?"

"Wataƙila bai son ki. Ba shi kaɗai ba ne."

"Mu yi sharaɗi. In laifin rubutuna ne, zan tsaya a baranda in ce kai ne ubangidana, kowa ya ji. In kuwa daga ɗakin nan ne, za ka durƙusa ka kira ni uwar ɗakinka."

"Ni ba na sharaɗi da yara."

"Au, tsoro kake ji?"

"Wa? Ni? Na yarda."

Ya yarda, amma muryarsa ba ta fito da ƙarfin da ta saba ba. Auta ta lura. Ta lura kuma da cewa ya ƙi zama, yana tsaye a kanta kamar mai gadin jarrabawa, kuma duk sanda ta kai kibiya wajen jerin ayyukan Magini sai ya sako wata magana.

"Kin ci abinci kuwa?"

"Tun yaushe ka fara damuwa da cikina?"

"Na ga kin rame ne. Ki je ki ci, ni zan duba miki."

"Kwana biyu kana duba mini."

"Ko mu kashe shi mu kunna?"

"Maganinka ke nan na kowace cuta. Ranar da matarka za ta haihu ma cewa za ka yi a kashe ta a kunna."

"Ai ya yi aiki a kanki. Sau nawa kina suma a filin wasa ana watsa miki ruwa?"

Ta buɗe jerin. Ayyuka goma sha huɗu ne, ta san goma sha uku. Na ƙarshe, can ƙasa, an sa masa suna *gwajin fanka*.

"Mene ne wannan?"

"Gwajin fanka."

"Na iya karatu. Me yake yi?"

"Yana gwada fanka."

"Magini manhajar waya yake haɗawa. Wace fanka ce ke da waya?"

"Fankar zamani. Ba za ki gane ba, harkar injiniyoyi ce."

"Duk wata uku yake tashi, ranar ɗaya ga wata. Shekara uku ke nan. Kai, Ɗan Gwaggo! Kasuwanci kake yi da na'urar ofis?"

"Rufa mini asiri, wane irin kasuwanci?"

"Ko wata ce? Wata ka haɗa wa manhajar soyayya? Wallahi sai na gaya wa matarka. Dama na ce wannan turaren da ka fara fesawa ba na banza ba ne."

"Turaren ita ta saya mini!"

"Don ta rufe warin wayar da ta ƙone. Matsa hannunka."

Ya ɗora tafinsa a kan linzamin kwamfutar. Ba da wasa ba. Auta ta ɗaga kai ta dube shi, ta ga babu dariya ko kaɗan a fuskarsa, abin da ba ta saba gani ba. Agogon da ke ƙasan allo ya nuna uku da minti biyar. Sai ranta ya ɓaci na gaske.

"Ka san me zai faru ƙarfe huɗu?"

"Baƙi za su zo."

"In babu abin nunawa, Manaja zai karɓe aikin. Wata takwas. Zan koma amsa waya ina ba mutane haƙuri."

"Ba mako mai zuwa ba ne? Ke kika ce mini mako mai zuwa."

"An matso da shi. Yau ne."

A hankali ya ɗauke hannunsa ya zuba shi a aljihun tsohuwar rigarsa.

"Ba wanda ya gaya mini," in ji shi.

Ba ta kula shi ba. Ta bar *gwajin fanka* tukuna, ta shiga fayil ɗin da Magini yake fara karantawa duk sanda aka kunna shi, kafin ya dubi aikin kowa. Nan ne ba a ba masu rubutu izinin shiga daga sama, shi ya sa ba ta taɓa ganinsa ba. Tana gangarawa sai ga shi a ƙarshe, layi ɗaya tal, yana umartar Magini da ya yi kowane aiki da akwati na sha ɗaya, ko me mai aikin ya ce. A samansa an bar gargaɗi da manyan baƙaƙe: KAR A TABA DON ALLAH DON ANNABI.

"To," ta ce. "Ga ɓarawona. Wa ya rubuta wannan?"

"Zai iya zama kowa."

"Mutum nawa ne a ginin nan ke da makullin ɗakin nan?"

"Aljanu ba sa buƙatar makulli."

"Aljanin da ke roƙon na'ura don Allah don Annabi? Kai ne! Kwana biyu kana kallona ina hawa ina sauka kamar mahaukaciya, kana sane!"

"Ban tabbata shi ne ba."

"Amma ka yi zato."

"Na yi zato."

"Shi ke nan. Goge shi zan yi, in kunna, in tafi. Durƙuson kuma ka ajiye mini, zan karɓa a gaban jama'a."

"Auta, kar ki goge."

Ba ya kiran sunanta haka kawai sai da wutsiyar zagi, don haka ta dakata, yatsarta a kan maɓalli.

"Ba ni dalili ɗaya."

"Buɗe fankar."

Ta buɗe. Tana ganin sunayen fayilolin ta gane su, don ita ta raɗa musu. Rubutunta ne na farkon koyo, mai cike da kwaɓa, wanda in a yau wani ya kawo mata irinsa sai ta kore shi. 'Yar ƙaramar manhaja ce da ta haɗa wa Gwaggo shekara uku da suka wuce, don Gwaggo tana manta maganin hawan jininta kuma ba ta jin maganar kowa sai ta ƙanenta. Shi ya sa Auta ta sa Baba ya yi magana ta ɗauka, ta sa wayar Gwaggo ta riƙa faɗa kullum ƙarfe bakwai na safe. Bayan wata biyu Baba ya rasu. Auta ta kwashe komai ta zuba a filashin kwamfuta ta jefa wa Ɗan Gwaggo, ta ce ya yi yadda ya ga dama da shi, ita ba ta son ta ƙara gani. Irin manhajar gwaji ce, wadda duk wata uku take mutuwa sai an sake haɗa ta. A lissafinta ta daɗe da mutuwa.

"Wannan ai tarkacen nan ne," ta ce a hankali. "Wanda ka ce ko agogon bango ya fi shi hankali."

"Har yanzu ya fi shi."

"Kai kake sake haɗa shi?"

"Magini ke yi. Ni kai mata kawai nake yi in sa a waya."

"Shekara uku?"

"To ya zan yi? Kullum da safe sai ta amsa masa. In ya yi magana sai ta ce, 'To, na ji, sarkin faɗa.' Sannan ta sha. Ke da yamma kike zuwa, shi ya sa ba ki taɓa ji ba."

Shi kuwa da bakin ya buɗe sai ya kasa rufuwa.

"Bara wani ya saka sabon akwati don gwaji, Magini ya koma ɗaukar sabon da kansa. Naku duk suka wuce lafiya, wannan ya faɗi. Kwana huɗu wayar ba ta yi magana ba. Mama ba ta ce wa kowa komai ba, sai na tarar da ita ta ajiye wayar a kan matashi tana jira, maganin yana gefe ba ta taɓa ba. Ni kuma kin sani, mutumin waya ne da sukurudireba, ban iya rubutunku ba. Na gwada abu arba'in, na arba'in da ɗaya ya kama. Wallahi ban san dalilin da ya sa ya kama ba. Tun ranar ko tari ba na yi kusa da layin nan."

"Me ya hana ka tambaye ni?"

"In tambaye ki? Bayan na shekara ina cewa tarkace ne? Ai da har jikokina sai sun ji labari. Kuma ke kika ce ba kya son ki ƙara gani."

A cikin fayilolin akwai guda mai alamar lasifika. Ba ta yi shawara da kowa ba, hannunta ne kawai ya je. Muryar ta fito ta cikin gurnanin fankoki, da 'yar dishewar nan tasa, da dariyar da yake ɓoyewa a ƙarshen magana.

"Yaya, bakwai ta yi. Ki sha maganinki, kar ki sa in zo."

Shekara uku rabon da ta ji muryar ubanta. Ta yi kewarsa har ta gaji ta daina faɗa, yanzu ga shi a ɗakin sanyi yana yi wa yayarsa barazana. Hawaye suka zubo mata, ba ta ko share ba. Ɗan Gwaggo ya juya baya yana gyara wata waya da ba abin da ya same ta.

"Sanyin nan yana sa ido ruwa," in ji shi.

"Rufe mini baki."

"Uku da kwata, Auta. Goge layin ki yi aikinki. Na Mama sai ɗaya ga wata, zan san dabara."

"Wace dabara? Ta arba'in da biyu?" Ta ja hanci, ta gyara zama. "Kai dai Allah ya yi sakarai mai kirki. Ka tashi ɗaure akuya ɗaya, ka ɗaure garken gari gaba ɗaya. Ba a nan ake sa layin ba. Kowane aiki shi ke faɗin akwatinsa. A cire shi daga nan, a kai shi cikin na Gwaggo, shi ke nan. Nata ya ɗauki sha ɗaya, nawa ya ɗauki sha bakwai."

"Ana iya haka?"

"Yaron da ya yi wata biyu a sama ya sani."

"Kin tabbata ba zai lalace ba?"

"Ban tabbata ba. Rubutuna ne na da, ni kaina ban yarda da shi ba."

Ta yanke layin, ta kai shi inda ya dace, ta duba sau biyu. Sannan ta dube shi ta gefen ido.

"To, likita, lokacinka ya yi. Kashe ka kunna."

"Kin gani? A ƙarshe dai sai an dawo wajena."

Magini ya ɗauki minti tara kafin ya farfaɗo, minti taran da Auta ta yi tana kaɗa ƙafa tana zagin kakannin duk wanda ya ƙera shi. Uku da minti ashirin da shida allo ya dawo. Aiki ɗaya Magini ke yi a lokaci guda. Nata yana cin minti ashirin da biyar, na Gwaggo minti shida. Ɗan Gwaggo ya yi lissafin da yatsu, ya ce ta tura nata maza.

Ta tura *gwajin fanka*.

"Ke! Kin haukace? Naki za ki fara!"

"Na sani."

"In wani abu ya tsaya fa? Minti uku kawai za su rage miki!"

"Ba zan iya tsayawa gaban baƙi ina murmushi ba, alhali ban san ko na kashe muryar Baba ba. Bakina ba zai buɗe ba. Kuma shi ne babba, shi zai fara wucewa."

"Taurin kan nan dai na gidanku ne."

"Gidan su mamarka ke nan."

Suka zuba wa allo ido. Layin farko ya fito: sha ɗaya. Rubutu ya yi ta gudu, ya tsaya, ya ci gaba. Ɗan Gwaggo yana ta motsa baki, ko addu'a yake ko zagi, oho. Minti shida cif, sai kore. Ya sauke wata ajiyar zuciya da ta kusa ɗaga takardun tebur.

Ta tura nata. Layin farko: sha bakwai.

"Alhamdu lillahi!" ta ce, har da buga tebur. "Ka ga abin da na yi kwana biyu ina nema? Lamba biyu!"

"Saura ya gama. Yanzu ne za mu san ko rubutun naki na mutane ne."

"In ya faɗi, kai zan kai wa baƙin in ce ga manhajar."

"Za su saya. Ina da kyau."

Huɗu saura kwata wayarta ta yi ƙara, Manaja ne, ta ce tana zuwa. Saura goma ya sake kira, ya ce baƙi sun iso suna shan ruwa. Haƙoranta suka fara haɗuwa, rabi sanyi rabi tsoro. Ɗan Gwaggo ya cire rigar sanyinsa ya yafa mata, ta ce tana warin tsohon batir, amma ba ta cire ba. Magini ya kai wani wuri ya yi shiru na kusan minti ɗaya, har ta miƙe tsaye ta dafe kai. Sannan ya motsa. Huɗu saura minti uku, allon ya koma kore.

Ta sure kwamfutarta ta yi ƙofa. Sai ta ji ya ce, "Tsaya."

Ta waiga. Ga ƙaton mutum, mai mata da furfurar ƙeya, ya kai gwiwa ɗaya ƙasa tsakanin wayoyi, yana dariya har kafaɗunsa na rawa.

"Ranki ya daɗe, uwar ɗakina. Laifin daga ɗakin nan ne."

"Ban ji ba. Fankoki sun yi ƙara."

"Kin ji sarai, muguwa. Ungo." Ya ciro makulli ɗaya daga zoben da ke ƙugunsa ya miƙa mata. "Na ɗakin nan ne. Shekara uku kina roƙo. Daga yau fankar tamu ce mu biyu."

Ta karɓa ta damƙe shi a tafin hannu.

"Tashi kar gwiwar ta ƙi miƙewa, tsoho. Ka gaya wa Gwaggo gobe da ita zan karya."

"To ki zo da wuri," ya ce yana kakkaɓe wando. "Kin san Kawu. Bakwai ɗinsa bakwai ce, bai taɓa makara ba."